Wa Zai Tuhumi Babban Banki?

Malam Edita,

Masu cewa a sakar wa babban banki mara suna da hujja: in gwamnati ta sa aka buga kuɗi gab da zaɓe, talaka ke ɗanɗana kuɗar tsadar kaya. Sai dai gwamnan banki ba zaɓaɓɓe ba ne, wa zai tuhume shi?

Tsarin Birtaniya ya fi kwanta mana. Gwamnati ke yanke mizanin hauhawar farashi, yanzu kashi 2 cikin 100. Bankin kuma, tun 1997, shi ke tsayar da kuɗin ruwa. In aka kauce da fiye da kashi 1, sama ko ƙasa, dole gwamnan ya rubuta wa ministan kuɗi buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya faɗi dalili da matakin gyara. Har ƙuri'ar kowane ɗaya daga mambobi tara na kwamitin bankin da ke tsayar da kuɗin ruwan ana wallafawa.

Naku,
Wasu masu nazarin tattalin arziki