A dasa itatuwan da ƙasar Sakkwato ta sani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda ake dashen itatuwa a jiharmu, tunda damina ta kama kuma nan ba da jimawa ba za a fara bukukuwan da aka saba. Kowa ya san yadda abin yake ƙarewa: a dasa dubban tsirrai a watan Yuli ko Agusta, a ɗauki hoto, amma kafin zafin Afrilu ya wuce awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu. A ganina tushen wannan asara shi ne rashin la'akari da irin ƙasar da Allah ya ajiye mu a cikinta.

Masana labarin ƙasa sun raba doron duniya zuwa manyan yankuna, kuma yawan ruwan sama tare da zafi ko sanyi su ke tsara abin da zai rayu a kowanne. Akwai kurmi, irin na Amazon a Kudancin Amurka da na Kwango, inda ruwan sama kan haura milimita 2,000 a shekara, itatuwa su haɗe ta sama har rana ta kasa isa ƙasa. Duk da wannan duhuwa, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi, domin ruwa yana wanke takinta, albarkar kuwa tana jikin itatuwan da ganyen da ke ruɓewa a gindinsu, shi ya sa gonar da aka sare a can take gajiya cikin 'yan shekaru. A arewacin Rasha da Kanada akwai dajin sanyi mai itatuwa masu siririn ganye, gaba da shi kuma sai ƙasar da ƙarƙashinta ke daskare shekara da shekaru, wadda itace ba ya tsiro a cikinta sai gansakuka da gajerun ciyayi. Ban taɓa jin an zargi mutanen can da sakaci don ba su da kurmi ba.

Mu kuwa muna cikin yankin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, wanda ya miƙe daga Senegal har Sudan, hamadar Sahara tana arewa da shi. Ruwan da Sakkwato ke samu yakan tsaya wajen milimita 600 zuwa 700, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sannan a shiga dogon rani mai hunturu da zafin da ke wuce digiri 40, kuma idan aka nufi Illela da Gada ruwan yana ƙara raguwa. Itatuwanmu na asali da wannan yanayi aka halicce su. Kuka tana ajiye ruwa a cikinta, aduwa da magarya da bagaruwa suna da ƙaya da saiwa mai nisa, sabara da kalgo kuma ko an sare su sai sun sake tohowa daga kututture. Gawo ya fi su duka ban mamaki, domin yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabba ba ta da abin ci, kuma manoma sun daɗe da sanin cewa hatsin gindinsa ya fi na sauran gona kyau.

Ba na raina dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, domin inuwarsa ce ke rufa wa titunan birnin nan asiri da bazara. Amma itacen bakin titi daban, na gona daban, kuma turare, wanda aka kawo daga Ostareliya, yana shan ruwan da ƙasarmu ba ta da rararsa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna mana wata hanya tun shekarun 1980, lokacin da manoma suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suka riƙa zaɓar rassa masu ƙarfi suna sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba tare da gandun reno ko tankar ruwa ba. Shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa, ya kamata ya ɗauki wannan darasi da muhimmanci.

Haka batun yake a ɓangaren ruwa. Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na duniya, amma ruwan daɗi bai kai kashi 3 cikin ɗari na dukkan ruwan ba, kuma mafi yawansa ƙanƙara ce. Saboda haka fadamar gulbin Rima da ta gulbin Sakkwato, da tafkin Kware, dukiya ce mai wuyar samu a ƙasa irin tamu, kuma tana da tsarinta: ruwa ya cika ya malala, kifi ya hayayyafa, laka ta kwanta, sannan mai shinkafa da mai albasa da masunci da makiyayi kowa ya samu rabonsa a lokacinsa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo bayanta, sun kawo noman rani, amma sun sauya wannan malala da garuruwan da ke ƙasa da madatsun suka dogara da ita, ambaliyar 2010 kuma ta tuna wa masu gini a fadama cewa hanyar ruwa ce. Irin wannan dukiya tana iya gushewa: tafkin Chadi, da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya rasa mafi yawan faɗinsa a fari na shekarun 1970 da 1980.

Roƙona ga hukumomin da abin ya shafa shi ne gandun renon tsirrai su fifita gawo da aduwa da magarya da bagaruwa, a tura malaman gona Maraɗi su ga aikin da idonsu, kuma a dakatar da yanka filayen gini a cikin fadama. Rahoton dashen bana kuma a riƙe shi har watan Mayu mai zuwa, a fita a ƙirga itatuwan da suka tsallake rani, adadin nan shi za a buga a jarida.

Wassalam.

Naka,
Malamin labarin ƙasa mai ritaya,
Sakkwato.