Rahoton ayyukan shekara: awon gudun ruwan teku

Assalamu alaikum, ƴan'uwa malaman kimiyya da labarin ƙasa, mambobin wannan ƙungiya.

A babban taronmu na bara, lokacin da aka zaɓi awon gudun ruwan teku ya zama aikin shekara, wani dattijo daga cikinmu ya tambaya ko ina ruwan Maradi da teku, alhali tsakaninmu da shi ya haura kilomita 800. Tambayar tana bisa hanya, amsarta kuwa damina ce, domin iskar da ke kawo mana hadari daga Tekun Atlantika take kwaso danshi, kuma sanyin da ruwan mashigin Gini yake yi daga watan Mayu zuwa Yuni yana da hannu wajen hawowar ruwan sama zuwa arewa.

Zaman karatunmu na lokacin sanyi ya tafi ne a kan tauraron ɗan'adam. Tun 1992 da Amurka da Faransa suka harba TOPEX/Poseidon, jerin taurarin Jason suka biyo baya, har zuwa Sentinel-6 a 2020, hanyar ɗaya ce: tauraro yana aika saƙon rada daga nisan kilomita 1,336, a auna lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya dawo, ta haka a san tudu da gangaren fuskar teku, sannan ya sake bi ta wurin bayan kimanin kwana 10. Abin da ya fi ɗaure wa mambobi kai shi ne tauraron ba ya ganin gudun ruwan, lissafa shi ake yi daga gangaren nan da juyawar duniya, kuma lissafin yana raunana a kusa da layin Ikwaita, wato daidai yankin da ya shafi daminarmu.

Wannan giɓi ne na'urorin da ke shawagi a kan ruwan teku suke taimakawa wajen cikewa. Shirin da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, take jagoranta yana da irinsu sama da dubu a tekunan duniya. Kowace ɗaya ƙwallo ce da aka rataya mata dogon buhu mai ramuka a zurfin mita 15, don ta bi ruwa maimakon iska, tana aiko da wurin da take da zafin ruwan ta tauraro.

Hikimar buhun nan muka gwada da ɗalibai a Gulbin Maradi cikin watan Agusta. Mun saki gora biyu, ɗaya haka nan, ɗaya da guntun buhu da dutse a ƙarƙashinta. Ta farko iska ta kora ta gaɓa ta maƙale a ciyawa, ta biyu kuwa ta miƙe tsakiyar ruwa har ta ɓace mana, sai da yamma wani yaro makiyayi ya kawo ta yana dariya. A ganin kwamiti, wannan fita ta fi duk zamanmu na cikin aji amfani.

Inda muka gaza shi ne kwatanta hanyar na'ura ɗaya da taswirar tauraro, saboda ɗaukewar wuta da tsadar intanet, ga kuma kuɗin wata-wata da wasunmu ba su biya ba. Mun ɗage aikin zuwa baɗi, tare da nazarin na'urorin shirin PIRATA, masu awon teku da yanayi, da Barazil da Faransa da Amurka suka fara kafawa a Atlantika tun 1997. Za a yi zama na gaba bayan girbi, kuma ana roƙon masu bashi su taho da kuɗinsu.

Magatakardan ƙungiya