Yinin Da Muka Yi A Buruj

Yamai, daren Asabar

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Makonmu biyu da dawowa daga Beljik, sai yau na samu zama in cika maka alkawarin ba ka labarin tafiyar.

Ka san wurin ƙanena muka sauka a Buruksel. Ana saura kwana uku mu taso ya ce bai yarda mu tafi ba mu ga Buruj ba. Tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa. Yaran, da dogon Yamai zuwa Doso kawai suka sani babu jirgi a kai, ba wanda ya zauna har muka isa.

Kuskurenmu na farko keken tura jariri da muka aro. Titunan tsohon garin duk duwatsu ne aka jera, keken sai kakkarwa yake, Auta tana tsala ihu. Mamansu ta ce a ba ta zanenta, ta goya ta, nan take barci ya kwashe ta. Ni kuwa na yini ina jan keke babu kowa a ciki.

Kwalekwalen ne ya biya mu wahalarmu. Rabin awa ana zagayawa da mu ta magudanan ruwan da suka ratsa garin, gidajen jan bulo ƙafarsu a cikin ruwa, wata gadar sai ka sunkuyar da kai. Ga wasu fararen agwagi manya masu dogon wuya suna bin mu. Babban yarona ya ƙi sa hannu a ruwa, wai kada dorina ta fito kamar a Bubon, ƙauyen bakin kogi kusa da Yamai. Na ce masa dorinar da za ta jure wannan sanyi ba a haife ta ba.

Abin da matuƙin ya faɗa ne ya tsaya mini a rai. Shekaru 600 da suka wuce Buruj babbar kasuwar tufafin ulu ce, fatake daga Italiya da Jamus suna sauke kaya. Sai laka da yashi suka toshe Zwin, mashigar da ta haɗa su da teku, ciniki ya koma birnin Anbers. Talauci ya hana su rushe tsoffin gidaje su gina sababbi, yau kuma su ake biyan kuɗi a gani. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Yana magana ni ina tuna tsibiran yashin da ke fitowa ƙarƙashin gadar Kennedy ta nan Yamai da rani. Mu in kogin ya cike da yashi, me za mu nuna wa baƙi?

Hasumiyar kasuwarsu mita 83 ce, ninki uku na ta masallacin Agadas. Matakala 366, yaron ya ƙirga su tas, ni tun a ta ɗari gwiwoyina suka fara roƙona. Da muka sauko muka ci soyayyen dankali, muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa gefen tafkin Minnewater.

Na sayo maka cakulan, amma gaskiya ɗaya ce: zafin Yamai ya narkar da rabi, 'ya'yanka sun ji tausayin sauran. Hotuna dai suna nan, zan turo. Ka gaida Inna da amarya.

Naka,
Aminin ƙuruciya