Kafin ka zo Shamoni, karanta wannan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya jikin Baba? An ce ya fara fita masallaci da ƙafarsa, Allah ya ƙara sauƙi.

Wata bakwai ko ƙala ba ka ce mini ba, sai da aka sa sunanka a taron Janiba sannan ka tuna kana da ɗan'uwa a ƙasar sanyi. Na yafe. Amma kilishin da ka ce za ka riƙo, bar shi a gida, domin an hana shigo da nama daga ƙasashenmu zuwa nan, ko a Suwizalan ka sauka ko a Faransa, kuma idan aka gani kwacewa za a yi. Yaji dai ka ƙullo mini, irin na Gwaggo, ba na kasuwa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Bidiyon nan na masu zamiya a kan dusar ƙanƙara da ka turo, ka rubuta a ƙasansa wai "ranar Asabar nan zan sauko," ka kuwa san ko ina ne? Vallée Blanche ke nan, hanyar zamiya a duwatsun da ke saman garin Shamoni na Faransa. Kai da ka je Jos kwana biyu ka dawo kana ba da labarin sanyi har wata uku, kai da hunturun Kano ke sa ka ɗora suwaita a kan babbar riga! Hanyar nan ta kai kimanin kilomita 20, ba a share ta, ba a kafa mata alama, kuma a kan kogin ƙanƙara take. Ƙarƙashin farar dusar da ka gani shimfiɗe kamar darduma akwai tsagogi masu zurfin rijiya, dusar ce kawai ta yi musu murfi. Kafin ma a fara zamiya sai an sauka ta wani siririn doron dutse, ana riƙe da igiya, hagu rami dama rami. Waɗanda suka ƙware ma ɗan jagora suke ɗauka, da ɗamarar igiya a ƙugu da na'urar da ke nuna inda mutum yake idan dusa ta binne shi. Ƙungiyar 'yan jagoran garin tun 1821 take, ba don ado aka kafa ta ba. Ka cire wannan daga ranka. Akwai abin da zai cika maka kwana biyun nan har ya yi saura.

Chamonix suke rubutawa, Shamoni ake faɗa. Daga filin jirgin Janiba tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, kuma akwai ƙananan bas da ke jigila kai tsaye, sai dai ka kama kujera tun kafin ka taso. Kada ka yi hayar mota. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta tilasta tayoyin sanyi ko sarƙar taya a yankin, kuma na san tuƙinka. Bizar Shengen ɗinka ta isa ƙasashen biyu, amma kuɗi ya bambanta: faran a Janiba, yuro a Shamoni. Abu ɗaya da bai yi mini daɗi ba shi ne Fabrairu, lokacin hutun makarantun Faransa, gari ya cika maƙil, ɗaki ya yi tsada. Ka nemi masauki yau, ba gobe ba. In ka sauka ka ce su ba ka katin baƙo, yana rage maka kuɗin zirga-zirga a cikin kwarin.

Tufafi. Hawa uku ake yi. Na jikin fata ya zama ulu ko roba, ban da auduga, saboda auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta koma maka kamar jiƙaƙƙen tsumma. A kansa riga mai gashi-gashi mai riƙe ɗumi, a waje kuma jaket da wando waɗanda iska da ruwa ba sa ratsawa. Safa ƙafa ɗaya tak, doguwa. Masu ninka safa biyu suna matse jijiya, jini ya kasa zagayawa, ƙafar ta fi yin sanyi. Safar hannu mai kauri, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau. Kada ka ce ai mu baƙaƙe rana ba ta yi mana komai. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, kuma idon da aka bari a buɗe wuni guda da dare zai yi kamar an watsa masa yashi. Man leɓe ma ka saya. Wayarka kuwa ka ajiye ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci, ga ka da son hoto kamar ɗan takarar kansila.

Af, da gaske ne Ɗan Autanku ya sake tsayawa? Wa ya zuga shi wannan karon? Ka faɗa masa har yanzu ina bin sa kuɗin fosta.

Idan ka nace sai ka ɗana zamiyar, to ga yadda ake yi. Hanyoyin launi huɗu ne: kore ta 'yan koyo, shuɗiya, ja, sai baƙa ta gwanaye. Kore taka ce, ita kaɗai. Filayen koyo suna nan cikin gari, Les Planards da Le Savoy, akwai kuma La Vormaine can ƙarshen kwarin wajen Le Tour, wanda gangarensa ya fi laushi. Kada sunan "La Verte" na Les Houches ya ruɗe ka. Ma'anarsa kore, amma baƙar hanya ce da ake gasar duniya a kanta. Ka ɗauki malami na awa biyu daga makarantar ESF, masu jar riga, ka ce mai jin Turanci kake so tunda Faransancinka bai wuce gaisuwa ba.

A shagon haya abu huɗu za su ba ka: takalmi, allunan zamiya, sanduna, da hular kwano. Takalmin shi ne komai. In ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka durƙusa gwiwa su ja baya, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Kada ka cusa ƙafar wando a ciki, duk wata 'yar tattara za ta zame maka ƙurji a ƙwauri kafin azahar. Allunan ɗan koyo gajeru ne, tsayinsu ya tsaya wajen haɓa. Sannan za su tambaye ka tsayinka da nauyinka da shekarunka, kuma a nan nake roƙon ka don Allah ka faɗi gaskiya. Da waɗannan alƙaluman ake saita maɗaurin da ke riƙe takalmi, wanda aikinsa ya saki ƙafarka idan ka faɗi. In an ɗaure shi fiye da kima, allo ya murɗe ƙafa bai sake ta ba, jijiyar gwiwa ce ke tsinkewa. In an sassauta shi kuma, ya sake ka a tsakiyar gangare. Tumbin nan da Hajiya ta gina shekara da shekaru, ka lissafa shi duka.

Darasin farko birki ne. Ana haɗa kawunan allunan a gaba, a buɗe bayansu kamar bakin garma. Iya buɗewarka iya raguwar gudu. Juyawa kuma, in hagu za ka yi sai ka danna nauyi a ƙafar dama. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne jingina baya don tsoro, alhali da nauyi ya koma dunduniya allunan sun ƙwace, gudu ya ƙaru. Ƙwaurinka ya riƙa danna harshen takalmi koyaushe. In faɗuwa ta zo, ka faɗi ta gefe a kan ɗuwawu, kada ka tokare da hannu, a nan babban yatsa ke gocewa. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai za ka kauce masa. Kuma wajen sayen tikitin filin zamiya ka ƙara 'yan yuron inshorar ceto, domin a Faransa in an ɗauko mutum daga kan hanyar zamiya shi ke biya. Lambar gaggawa 112.

Rana ta biyu ka ba wa kallo. Motar waya (akwatin da ke tafiya a rataye a igiyar ƙarfe) ta dutsen Aiguille du Midi, wadda aka buɗe a 1955, tana ɗaukar mutum daga garin da ke mita 1,035 ta kai shi kusa da ƙololuwa mai mita 3,842 cikin kamar minti ashirin, da canji ɗaya a tsakiya. Ka yi lissafi: kowace mita dubu sanyi na ƙaruwa da digiri shida da rabi, wato in gari yana sifili, sama tana wajen 18 ƙasa da sifili, kafin iska ta sa baki. Iskar shaƙa kuma ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda ka saba da ita ba. Don haka taku ɗaya-ɗaya, kada ka haye matakala da gudu, ka sha ruwa. Ɗan ciwon kai da haki ba abin tsoro ba ne, amma in jiri ko tashin zuciya ya zo, maganinsa saukowa. Maganar hawan jininka fa, ka ga likitanka kafin ka taso, ba wasa nake ba. A can sama akwai akwatin gilashi da ake shiga a tsaya a kan sarari, ga Mont Blanc mai mita 4,800 da 'yan kai a gabanka kamar ka miƙa hannu. Wannan hoton ya ishe ka cika baki a majalisa. Ka kama lokacin safe ta intanet, ka kuma duba kyamarorinsu kafin ka fita: in gajimare ya rufe, kuɗinka ka ba wa hazo, in iska ta yi ƙarfi kuma rufewa suke yi.

In yatsa ya mutu ka daina jin sa, kada ka jira ganin canjin launi, a fatarmu ba ya saurin nunawa. Ka cusa hannun a hammata ko a ruwa mai ɗumin jiki. Ban da murzawa, ban da kanga shi a wuta.

Da yamma, in da sauran ƙarfi, ka hau jan jirgin ƙasa mai haƙora zuwa Montenvers, mita 1,913, ka ga Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. Suna haƙa kogo a cikinsa ana shiga, bango shuɗi shar. Ƙanƙarar tana ja da baya ƙwarai saboda ɗumamar yanayi, har sai da aka kafa sabuwar motar waya a 2024 don a riske ta inda ta koma. Duk da haka akwai matakala, gwiwarka za ta sani. Wanda ba ya son zamiya sam yana iya hayar faffaɗan takalmin taka dusa ya bi daji da jagora, ba ya buƙatar koyo. Masu lema kuma suna tashi da mutum daga Planpraz, kana ɗaure a gaban matuƙi. Wannan kada Hajiya ta ji daga bakina.

Abinci sai ka buɗe ido. Fondue, narkakken cukun nan da ake tsoma burodi, da farar giya ake dafa shi. Tartiflette dankali ne da cuku, amma da gutsattsarin naman alade a ciki. Raclette cuku ne da dankali, sai dai tare da yankakken alade ake kawo shi, ka ce a cire. Abin nan mai tururi da ƙamshin kirfa da ake sayarwa a bakin hanya, vin chaud, giya ce aka ɗumama, ba shayi ba. Cakulan mai zafi ka nema. Alwala kuma ka yi ta a masauki kafin ka sa takalmi, don cire shi a kan dutse aiki ne. Hukuncin shafa a kan safa ka tambayi Malam, kada ku ja ni cikin musunku na bara.

Ka ce in faɗa maka ko ka zo da Hajiya, ga shi takarda ta kusa ƙarewa. Ka zo da ita mana, ita ce ma za ta hana ka hauka. Ka turo mini ranar saukarka da lambar takalminka. Ka gaida mutanen majalisa, ban da mai shayi, har sai ya amsa saƙona.

Naka har kullum,
Abokinka na ƙasar sanyi