Tsohon da ya ɓace a hanyar gidansa ba da gangan yake yi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, domin rashin sanin aikinsa na sa ana ƙuntata wa tsofaffi ba da laifinsu ba.

Guda biyu ne, dama da hagu, can ciki daura da kunnuwa. A 1971 wani mai bincike, John O'Keefe, a Landan ya gano cewa a wannan sashe na ƙwaƙwalwar ɓera akwai ƙwayoyin jijiya da ba sa tashi aiki sai ɓeran ya iso wani wuri takamaimai. Wato taswirar wurin a cikin kansa take. Wannan bincike ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2014, tare da wasu masu bincike biyu, May-Britt da Edvard Moser.

Labarin da ya fi taɓa zuciyata na Henry Molaison ne, Ba'amurken da aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin sashen ta ɓangarorin biyu. Hankalinsa garau, maganarsa daidai. Amma har ya rasu a 2008, abin da ya faru da shi da safe ba ya kai masa yamma. Da iyalinsa suka sauya gida, tsohon adireshin yake tunawa sarai, sabon kuwa ya gagara, ba a barinsa ya koma shi kaɗai. Cire sashe guda ya tafi da abu biyu, hanya da tunawa. Ba mamaki, ai duk abin da ya sami mutum a wani wuri ya same shi. Tuna ranar da aka haifa maka ɗan fari, za ka ga ɗakin ne ya fara zuwa maka, da inda kowa ya tsaya.

Cutar Alzaima, wato cutar mantuwa da ta fi kama tsofaffi, tana fara ɓarna ne a wannan yanki. Mahaifiyata ta soma maimaita tambaya ɗaya, a lokaci guda kuma ta soma tsayawa cirko-cirko a hanyar da ta yi shekaru tana bi. Masu ganinta suna cewa tsufa ne kawai, wasu har da faɗa. Likita ne ya nuna mana alamun biyu tushensu ɗaya, ya kuma ce kada a riƙa sauya mata wurin kayanta ko ɗakin kwananta.

Ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa masu karatu bayani, domin duk wanda ya ga alamun nan biyu tare a jikin tsohonsa ya kai shi asibiti da wuri.

Na gode.

Mai karatunku a kullum