A tsare mana ko da zaure ɗaya ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan gidajen makaɗa da mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Sana'ata rakiyar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Legas. A wata tafiya, muna jiran ciniki ya faɗa, abokina ya ja ni Ikeja, gidan da Fela Kuti ya zauna a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a 1997, aka mai da gidan na tarihi a 2012. Ni kiɗansa bai dame ni ba, kabarin da aka yi masa a harabar gida kuma ba tsarinmu ba ne. Amma ɗakin kwanansa na nan yadda ya bar shi, ana leƙawa ta gilashi. Ga takalmansa a jere, ga rigunan wasa, ga algaitarsa ta Turawa.

To mu fa? A ƙauyenmu an yi wani makaɗin gangar noma wanda in ya saki kiɗa ranar gayya, rago ma sai ya ɗauki garma. Yana rasuwa aka raba gado, kowa ya ja nasa. Zauren da yake zama da 'yan amshinsa yanzu shagon cajin waya ne. Gangar na gani da idona a bayan rumbu, gara ta cinye icen, fatar ta yage. Kaset ɗin da ya rage zarensa ya kanannaɗe. Jikokinsa ko kirarinsa ba su iya ba, wasu ma kunyar a ce kakansu maroƙi ne suke ji, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Ba wai ba mu iya adana gida ba ne. A Kano ga Gidan Ɗan Hausa, ga Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ke kula da shi. Sai dai in aka zo kan mai ganga ko mai gurmi, shiru kake ji.

Ba ginin bene nake nema ba. Masarautu da ƙananan hukumomi su sayi zaure ɗaya daga magada, a yi masa yaɓe kafin damina, a rataye kayan kiɗan, a juye kaset zuwa waya. Kai kuma Malam Edita, ka turo wakilinka ya ɗauki muryar 'yan amshin. A garinmu saura tsofaffi biyu, ɗaya ma ba ya fita.

Naka mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Maigatari, Jihar Jigawa