Ciwon baya da neman abinci: kira ga iyaye da masu ɗaukar ma'aikata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan magidanta da iyaye mata da ciwon baya ya zame musu ƙarfen ƙafa, ga 'ya'ya na jiran abinci, ga sana'a na neman gagara. Mu ma'aikatan gashin ƙashi ne, kuma maganarmu a kan ciwon ƙugu ne da ya wuce wata uku bai tafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu, na ɗan lokaci da mai daɗewa, a shekarar 2020. A watan Disambar 2023 ta fitar da ƙa'idojin kula da shi, inda ta ce a guji bel ɗin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da magungunan kashe zafi masu bugarwa, dangin tramadol. Motsa jiki ta ƙarfafa, da fahimtar da mai ciwon halin da yake ciki. Kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu tana ƙara sagar da jijiyoyi, wanda kuma ya ajiye aiki wata da watanni komawa takan yi masa wuya. Shi ya sa muke ganin shawarar da dangi kan bayar ta "ka zauna a gida sai ka warke" tana cutarwa, ko da kuwa tausayi ne ya kawo ta.

Amma kafin maganar aiki, a tabbatar ba wata cuta ce ta ɓuya a bayan ba. Idan akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, a je a yi gwajin tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓawa, ko fitsari da bayan gida suka riƙe ko suna zubowa ba a sani ba, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika duk suna da sashen gashi. Mun san da yawa sukan kira kowane ciwon baya basir ko sanyi, su shekara suna shan jiƙo. Wasu kuma haɗin kemis suke sha kullum. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su wata da watanni yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, sau da yawa kuma akan cusa dexamethasone a cikin haɗin, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya rarake ƙashi.

To wane aiki ya dace? Tambaya uku ake yi wa kowace sana'a: nauyin me za a ɗauka, awa nawa za a yi a yanayi ɗaya, kuma akwai jijjiga ko babu. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mai lafiya zai ɗaga, shi ma idan kayan na manne da jiki kuma ba a murɗa ƙugu ba. Jarkar ruwa mai lita 25 ta riga ta wuce wannan, buhun siminti kilo 50 ne, balle buhun masara. Don haka dako, ga-ruwa, leburancin gini da buga bulo sun fita daga lissafi muddin ciwon na tashi. Tuƙin adaidaita sahu da acaɓa mutane kan ɗauka hutu ne tunda a zaune ake yi, alhali zama ne mai tsawo haɗe da girgizar ramuka, kuma su biyun nan suna tayar da ƙugu. Wanda ba shi da wata hanya sai tuƙin, ya naɗe tawul ya sa a kwarin ƙugu, ya cire walat daga aljihun baya, ya sauka ya taka na minti biyu ko uku bayan kowace awa.

Sana'ar da ta fi sauƙi ita ce wadda mutum zai zauna ya tashi yadda ya ga dama: tireda, POS, sayar da kati da data, gyaran waya, koyarwa a islamiyya, rubuta rasit ko kula da sito, kiwon kaji idan akwai mai ɗaukar buhun abinci. Ɗinki ma yana yiwuwa idan aka gyara wurin. Teburin keke ko na kanti ya kai daidai gwiwar hannu, kujera ta zama mai jingina, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. Mai tsayuwa ya ajiye bulo ɗaya a ƙasa yana ɗora ƙafa, yana musanyawa. Kada a wuce minti 30 a yanayi ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ranar da aka ji sauƙi. Mutum ya tashi garau, sai ya ce bari ya rama aikin mako a yini ɗaya, washegari ya kwanta kwana uku, ciniki ya tsaya, masu kawo ɗinki su koma wani wuri. Maganin wannan awo ne. A duba agogo a ga minti nawa ake yi kafin zafin ya ƙaru. Idan minti 25 ne, a riƙa tsayawa a minti 20, a ranar sauƙi da ranar tsanani duka, sannan a ƙara minti biyu kowane mako. Haka ake yi da tafiya a ƙasa: a fara da minti 10 kullum har a kai 30. Ɗan ƙarin zafi da ke lafawa kafin washegari ba alamar an ɓata wani abu ba ne.

Iyaye mata kuwa aikinsu ba ya da ranar hutu, kuma kusan dukkansa a duƙe ake yi. A sa wa tsintsiya doguwar sanda. A ɗora bahon wanki a kan benci maimakon ƙasa, a raba wankin kwana biyu. A ɗaga murhu ko kurfoti a kan bulo. Ruwa a ɗebo rabin bokiti sau biyu. Daka da surfe a kai inji. Yaro ɗan shekara biyu yakan kai kilo 12, ana kuma ɗaukarsa sau ba adadi a yini: a bar shi ya hau kujera ko gado da kansa sannan a goya shi, a ɗaure zanin sama da ƙugu, ya manne da baya. Wurin shayarwa a jingina, a sa matashi a cinya domin jariri ya zo wurin mama. Wanda ruku'u da sujada suka gagara, addini ya ba shi damar yin salla a zaune.

Ga dangi da mazaje, "sannu" kaɗai ba ta ɗebo ruwa. Mai ciwo ya faɗi abin da yake so dalla-dalla: wa zai kai yara makaranta, wa zai ɗauko kaya daga kasuwa ranar Laraba. 'Yan adashi su ba shi ɗauka da wuri idan jarin sauya sana'a yake nema. A dai kula kada a cire 'ya mace daga makaranta a ɗora mata aikin gidan gaba ɗaya, abin da ke faruwa a gidaje da dama ba tare da kowa ya kira shi matsala ba.

Mai aikin albashi kuma yana da haƙƙin da yawanci bai san da shi ba. Dokar Ƙwadago ta ba leburori da ƙananan ma'aikata hutun jinya har kwana 12 a shekara da albashi, idan likita ya ba da takarda. Idan a bakin aiki aka ji ciwon, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, a nemi diyya kafin shekara ta cika. A rubuce za a sanar, a riƙe kwafi, domin maganar baki ce ke jawo asarar haƙƙi. Wanda ciwon ya kai shi ga nakasa, dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna masa bambanci, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A roƙi likita ya rubuta abin da za a iya da wanda ba za a iya ba, misali "kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 10, ya riƙa tashi duk rabin awa". Takardar da ta ce "ba shi da lafiya" kawai ba ta ba shugaban wurin aiki abin da zai yi aiki da shi, sai ta zama hanyar sallama.

Muna kira ga hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, su tabbatar gashin ƙashi ya isa ƙananan asibitoci, domin wanda ke Doguwa ko Birnin Gwari ba zai iya zuwa birni sau biyu a mako a motar haya da wannan baya ba. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa kuma ta ware gurabe a shirye-shiryenta na koyar da sana'a ga 'yan dako da leburorin da bayansu ya gaza.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu ma'aikatan gashin ƙashi,
Kano.